Dankali mai cuku da albasa: daga gwaji zuwa kasuwar azumi

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Saura mako bakwai azumi idan Allah ya kai mu, kuma ina so in ƙara abu ɗaya a cikin kayan buɗa-baki da nake sayarwa. Samosa da sifirin rol da fanke babu layin da ba a yin su a Tudun Wadar Zariya, har farashi ya zama ɗaya. Ki ƙara naira hamsin, gobe ki ga yaran masu sayenki sun wuce ƙofarki da kwano sun shige gidan gaba. Abin da na sa a gaba shi ne dankalin turawa da aka cusa wa cuku da albasa, irin albasar nan da ake bari a kan wuta kaɗan-kaɗan har ta yi ja ta yi zaƙi. Zan riƙa rubuta abin da na yi da abin da na kashe, don kada ranar sa farashi in yi lissafin dokin Rano.

Hanya biyu ake yinsa. Ko dai a dafa ƙananan dankali da ɓawonsu, a raba biyu, a ƙwaƙule cikin, a haɗa da cuku da albasa a mayar, sannan a gasa. Ko kuma a murje dafaffen dankalin gaba ɗaya, a mulmula, a ɓoye haɗin a tsakiya, a tsoma a ƙwai da garin burodi a soya. Da ta gashi zan fara, don ita ta fi kyan gani a tire.

Na shiga kasuwar Sabon Gari da safe. Dankalin nan daga Filato yake zuwa mana, Bokkos da Mangu da Barikin Ladi, inda sanyin tsauni ya karɓe shi, kuma wanda ke kasuwa yanzu na noman rani ne. Dattijon da nake saye a wurinsa ya ce, "Hajiya, Nikola ko Marabel?" Na ce, "Baba, kai za ka faɗa min, murje shi zan yi." Ya ce Nikola ba ya narkewa a tukunya, shi masu fate ke nema, Marabel ya ɗan fi gari. Na ɗauki ƙaramar roba ɗaya-ɗaya, kowace ₦3,000, da na auna a gida kowace ta kusa kilo 2. Waɗanda suka yi kore na ware su tun a kasuwa. Haske ne ya taɓa su, kuma koren nan yana tafe da wata guba mai ɗaci da dafuwa ba ta kashewa.

Albasa tana tsada har yanzu. Kilo ɗaya ya kama ni ₦2,000.

Talata, 14 ga Janairu

Ranar albasa. Wannan ba irin suyar da muke yi wa albasar da za a barbaɗa a kan dambu ba ce, wadda ake jefawa a mai da yawa ta bushe ta yi ƙarau. Nan so ake ta yi laushi, ta yi danƙo, ta koma ruwan ƙasa mai duhu.

Na yanka kilo guda daga kai zuwa gindi, ba zobe-zobe ba, kauri ɗaya gwargwadon iko, don siririn yanka yana ƙonewa kafin mai kauri ya nuna. Na zuba cokali biyu na man gyaɗa da ɗaya na bota a kasko mai faɗi, na juye albasar da ɗan gishiri, na rufe minti goma har ta saki ruwanta ta kwanta. Daga nan na buɗe, na rage wuta zuwa ƙasa. Sai jira. Albasa kusan kashi tara cikin goma nata ruwa ne, kuma muddin ruwan yana nan dahuwa take yi, launi ba zai zo ba. Sai ya ƙone sannan sukarin da ke jikinta ke fara kama kasko. A nan aikin yake: da zarar na ga ja-ja ya manne a gindi sai in zuba ruwa cokali biyu, in kankare da muciya, abin da ya manne ya koma jikin albasar. A sake jira, a sake kankarewa. Minti hamsin da biyar kafin ta kai yadda nake so. Masu bidiyon intanet da ke cewa minti goma, Allah kaɗai ya san abin da suka yanke daga tsakiya.

Kilo guda ya dawo giram 240. Na daɗe ina kallon ma'aunin.

Hajiya, mahaifiyar maigida, ta leƙo ta tarar da ni tsaye a kan abu ɗaya tun bayan azahar. Ta ce, "'Yar nan, ki jefa mata 'yar kanwa mana, gas kike ƙonawa." Na ce, "To Hajiya, bari in gwada yadda kuka ce." Na ware albasa biyu a ƙaramin kasko na ɗiga ruwan kanwa. Gaskiyarta, cikin minti goma sha biyar ta yi ja. Amma ta narke ta zama kunu, ga ɗan ɗaci-ɗaci da ke tsayawa a bayan harshe. Abin da ke sa kanwa ta nunar da wake da wuri shi ne ya wargaza ta. Ita ma da ta ɗanɗana biyun ta nuna ta farko da yatsa, ba ta ce komai ba. Sukari ma ban sa ba, jar albasarmu tana da nata.

Alhamis, 16 ga Janairu

Neman cuku a PZ da Samaru. Akwai na 'yan kusurwa uku da ake shafa wa burodi, akwai kuma na yanka-yanka a leda. Mozarela na dunƙule sai an yi oda. Na yi wa yayata waya a Kaduna.

Lahadi, 19 ga Janairu

Saƙon Yaya ya iso cikin kula da ƙanƙara: mozarela kilo ɗaya ₦15,000, ceda giram 250 ₦6,500, kuɗin mota ₦1,500. Kafin in taɓa su na gwada namu na gida, don in za su yi, an huta.

Cukun Buzaye, busasshen nan da ke zuwa daga Nijar, ko a jiƙa shi ba ya narkewa. Wurinsa shayi da fura ne. Wara kuwa, wanda Fulani ke yi da madara da ruwan tumfafiya, na samu a wurin wata mai kawowa daga Kwara. Yana da daɗi a cikin dankalin, amma yadda aka sa shi haka za a tarar da shi, yana soyuwa ne irin na awara, ba ya jan zare. Na 'yan kusurwa uku yana narkewa ya ɓace a cikin dankali, a gutsura ba a ga komai ba.

Mozarela shi ke jan zare, saboda tun wurin yinsa ana murɗa shi ana ja a cikin ruwan zafi. Asalinsa daga kudancin Italiya ne, da madarar ɓauna, mai laushi da ake ajiyewa cikin ruwa. Wancan bai dace da wannan aiki ba, ruwansa ya yi yawa. Na dunƙulen nan na madarar shanu, mai tauri, shi ake so. Sai dai in aka rufe ido aka ci shi shi kaɗai, gishiri-gishiri ne kawai. Ceda shi ke da ɗanɗano, amma yana fitar da mai idan ya yi zafi, ga tsada.

Na duba jikin ledar biyun akwai tambarin halal. Da gangan na duba, don a al'ada abin da ake tsinka madara da shi wurin yin cuku daga cikin ɗan maraƙi ake samo shi, kuma na san cikin masu sayena akwai wadda za ta tambaya.

Laraba, 22 ga Janairu

Gwajin gashi. Na zaɓi ƙananan Nikola, na wanke tas, na dafa da ɓawo minti ashirin, na raba, na ƙwaƙule da ƙaramin cokali na bar ɗan bango. Abin da na ƙwaƙulo na murje da bota da masoro da lawashi, na haɗa da albasar, na mayar, na goga mozarela a kai.

Obin ɗina wutarsa a ƙasa kawai take. Gindin dankalin ya fara baƙi, cukun da ke sama bai ko canza launi ba. Na koma tsohuwar hanyar kek: babbar tukunya, yashi a ƙasa, faranti a kai, garwashi a kan murfi. Nan ya yi kyau sosai, cukun ya yi ɗigo-ɗigon ja. Amma guda goma sha biyu tukunyar ke ci, kuma kowane zagaye sai an tsaya a kai. A azumi ina da samosa a wuta, ina da kunun gida, ba ni da hannun fifita gawayi.

Abin da ya kashe maganar ma ba obin ba ne. Da na fitar da tiren, yara suka sa cokali suka yashe cikin, suka jera min ɓawon a gefe. Hajiya ta ɗaga guda ta juya shi, ta ce, "'Yar nan, wuƙar gidan ce ta ɓace?" Turawa suna cin ɓawon, har shi suke yabo. A Zariya in na aika wa mace dankali da ɓawo a ranar da ta sha yunwa, cewa za ta yi ganda na yi. Ga shi ba ya ɗaukuwa a roba, cukun yana manne wa murfi.

Na ajiye wannan hanya, sai ko in wata ta nema don walima a gida.

Asabar, 25 ga Janairu

Gwajin suya, kuma bai yi ba.

Ƙanwata ta zo taya ni. Muka fere Marabel muka yanka ƙanana muka dafa don ya yi sauri. Rabin farko ta zuba a bilenda wai a huta da murza. Cikin daƙiƙa kaɗan ya koma yauƙi kamar miyar kuɓewa, yana bin cokali. Wuƙar injin tana fasa ƙwayoyin sitacin da ke ciki ne, kuma in ya kai nan babu gyara. Na zuba masa fulawa da yis, yara suka ci a matsayin fanke.

Rabi na biyu muka murje da cokali mai yatsu. Ya yi laushi da yawa, yana kama tafin hannu. Muka dai mulmula manya, muka cusa gogaggen cuku da albasa, ƙwai, garin burodi, sai mai. Biyun farko sun fito lafiya. Da na zuba takwas a lokaci guda man ya yi sanyi, suka zauna a ciki suna sha. Can sai na ji fas! Guda ya tsage, cukun ya fito ya haɗu da mai, kasko ya ɗauki tsartuwa har bango. Ya tsarto min a bayan hannu, na sa a ƙarƙashin ruwan sanyi, bai tashi ba, alhamdu lillahi. Cikin ashirin da huɗu, tara ne suka fito da cikinsu. Sauran kwanso ne, cukun ya ƙone a gindin kasko ya ɓata man. Lita ɗaya da rabi na mai, wajen ₦5,500, sai da na tace shi da tsumma, kuma ba zai ƙara shiga kayan sayarwa ba.

Na zauna da daddare na fasa waɗanda suka tsage ina dubawa. Duk ta wuri ɗaya suka fashe, inda bangon ya yi siriri ko inda zaren albasa ya leƙo waje. Ruwa ne ke yin ɓarnar. Dankalin da aka fere aka yanka ya sha ruwa a tukunya, albasar da ɗuminta muka sa, gogaggen cuku yana narkewa nan take. Duk wannan yana zama tururi a ciki, kuma tururi sai ya nemi hanya.

Litinin, 27 ga Janairu

Babu gwaji, odar suna a Gyallesu. Na sayi ma'aunin zafin mai, ₦4,000.

Juma'a, 31 ga Janairu

Yau ya tsaya. Ga abin da na canza, in rubuta kafin in manta.

Dankali da ɓawonsa na dafa, dunƙule, a ruwan gishiri. Na ɓare da zafinsa, na mayar tukunya babu ruwa a kan ƙaramar wuta ina girgizawa minti biyu har tururi ya ragu. Na murje ta cikin rariyar ƙarfe da bayan ludayi, ba madara, bota cokali ɗaya kawai. Na baza a tire ya huce, iskar hunturu ta taimaka, sannan na sa gwaiduwar ƙwai ɗaya da cokali biyu na garin masara a kowane kilo, da gishiri da masoro da 'yar gyaɗar miya. Albasa tun jiya na yi ta, ta kwana a firij ta daskare, na daddatsa ta da wuƙa don kada zare ya leƙo. Cuku na yanka shi 'yan dunƙule maimakon gogawa.

Kowane ƙwallo giram 35 na dankali. In faɗaɗa a tafin hannu, in sa albasa, in ɗora cuku, in rufe, in mulmula har in daina ganin tsaga. Fulawa, ƙwai, garin burodi, a sake ƙwai, a sake garin burodi. Riga biyun nan ita ce garkuwa. Sai firiza minti talatin. Mai a kan digiri 175, guda biyar-biyar, minti uku. Dankalin dafaffe ne, ba nuna ake nema ba, launi ake nema da zafin da zai kai tsakiya. Ashirin da huɗu na soya, guda ɗaya ya ɗan yi hawaye.

Nikola ma na gwada shi a haka. Yana yi, amma ya fi nauyi a baki kuma ya fi wuyar bi ta rariya. Marabel zan riƙe.

Garin burodi na leda na daina saye. Burodin jiya na busar a rana na daka a turmi, ya fi arha, kuma tsakin da ke cikinsa ya fi ƙarau. Sai dai a nemi marar sukari sosai, mai zaƙi yana saurin yin baƙi.

Talata, 4 ga Fabrairu

Lissafi. Kilo 2 na dankali yana ba ni guda 48. Dankali ₦3,000, albasa ₦2,000, cuku giram 400 ₦6,000, ƙwai ₦1,000, fulawa da burodi da garin masara ₦1,200, man da suya ke ci ₦2,000, bota da kayan ƙamshi ₦800, gas ₦1,000, roba ₦800. Jimla ₦17,800. Kowane ɗaya ya tashi wajen ₦370, ban sa wahalata ba, ban sa kuɗin motar cuku ba.

Samosata mai nama ₦250 nake ba da ita. Wa zai bar samosa biyu ya ɗauki ƙwallon dankali ɗaya a ₦500? Kashi ɗaya cikin uku na kuɗin, cuku ne ya cinye. Ceda na cire shi daga lissafi gaba ɗaya, ragowar na yaran gida ne.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Na yi iri biyu ban gaya wa kowa bambancin ba. Faranti ɗaya cuku giram 8 da albasa kaɗan, yadda na saba. Ɗayan cuku giram 5, albasa kusan ninki biyu, da ɗan attaruhu da na jajjaga na sa a mintunan ƙarshe na suyar albasar. Na aika wa maƙwabta, na ajiye wa maigida da abokansa na zaure, na kai wa matan islamiyyarmu.

Farantin mai albasa shi ya fara ƙarewa a ko'ina. Maigida ya shigo da shi a hannu ya ce, "Wannan na biyun me kika ƙara masa? Nama ne?" Na ce albasa ce. Bai yarda ba sai da na fasa masa guda. Wata malama ta ce na farkon ya fi kyau a hoto, amma na biyun ne ta ɗauki na uku a ciki.

Wannan ya warware min abin da nake ta juyawa tun ranar lissafi. Cuku mutane ke tambaya, shi ke sa a ɗauki waya a yi bidiyon zare yana ja. Amma abin da ke sa hannu ya koma faranti albasar ce. Abu mafi arha a cikin haɗin shi ke riƙe da ɗanɗanon, in dai an ba shi awarsa a kan wuta. Don haka cuku zai tsaya a giram 5, daidai yadda zai ja zare sau ɗaya, albasa kuma ba zan taɓa rage mata lokaci ba ko gas ya ƙara kuɗi.

Mutum uku sun ce in sa niƙaƙƙen nama. Ban yarda ba. Dankali mai nama a ciki kowa na yi, in na sa nama na koma layin da nake gudu, kuma zai danne albasar.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Sabuwar albasa ta fara shigowa, irin ta Aliero da Sakkwato, farashi ya sauko, kilo ₦1,200. Na soya kilo 3 a babban kasko, ya ɗauki awa ɗaya da rabi, na raba a ƙananan robobi na sa a firiza. Da sabon awo kowane ƙwallo ya dawo wajen ₦320.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Gwajin aike. Wata ƙawata da ke koyarwa a jami'a ta yarda in yi gwaji da ita. Na soya goma, na rufe a roba, na ba ɗan acaɓa ya kai Samaru. Da cunkoson Kwangila ya ɗauki sama da minti arba'in. Ta kira ni ta bidiyo ta fasa guda a gabana. Rigar ta jiƙe ta yi laɓo, tururi ya taru a murfi ya ɗigo a kai, cukun ya dunƙule ya koma yadda na yanka shi. Ta ce, "Ƙawata, daɗi yana nan, amma zaren da kika sa a Status ban gan shi ba."

Na huda murfin roba na shimfiɗa takarda a ƙasa na sake gwadawa a gida da agogo. Ƙarau ɗin ya ɗan daɗe, amma cuku minti goma sha biyar ne iyakarsa. Samosa tana jure jira, wannan ba ya jurewa. A azumi kuwa ana karɓar kaya tun bayan la'asar, a ci bayan magariba.

Shawarar da ta rage ita ce in sayar da shi ɗanye, daskararre, kowa ta soya a gidanta dab da shan ruwa. Wannan ya cire min mai da wani ɓangare na gas, ya sauko wajen ₦270. Guda goma ₦4,000. Soyayye sai ga 'yan unguwa da yaro zai iya zuwa da ƙafa.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Asara. Ranar Litinin da Talata na mulmula guda 96 na jera a firiza don makon farko na azumi. Daren Talata aka ɗauke wuta, wai taransifoma ce. Janareto ɗinmu ƙarami ne, fanka da fitila yake ɗauka. Na ƙi buɗe firizar da fatan sanyin zai riƙe, amma hunturu ya riga ya tafi, rana ta fara zafi. Jiya da yamma da na buɗe, na saman duk sun saki, garin burodin ya tsotse ruwa ya zama taɓo, wasu sun manne da juna. Na ƙasan, kamar talatin, da sauran ƙanƙara a jikinsu, na soya su nan take aka ci a gida aka raba wa maƙwabta. Na saman da suka yi ɗumi na zubar. Akwai ƙwai a jikinsu, akwai cuku, ga dafaffen dankali da ba ya jure zafi. Ba zan sake daskarar da su in sayar wa mai azumi ya kwana a asibiti ba. Abin da ya tafi ya kai ₦17,000.

Cukun da ya rage na garzaya da shi gidan wata 'yar'uwar maigida a Hanwa mai sola. Mun yi magana, za ta ba ni gefe ɗaya a firizarta a watan azumi, ni kuma in riƙa ba ta roba ɗaya duk mako. Albasar ta tsira, don ita ce a can gindi.

Tsari ya canza. Ba zan ƙara tara kaya da yawa ba. Oda za a yi kwana ɗaya kafin, in mulmula da safe, a karɓa da yamma a cikin kula. Abin da zan tara albasa ce kawai.

Talata, 25 ga Fabrairu

Na buga 'yar takarda da zan manna a kan kowace roba: kada a bari ya narke, daga firiza zuwa mai, mai ya yi zafi yadda ɗan gutsuren burodi zai yi ja cikin minti ɗaya, guda huɗu-huɗu, minti huɗu zuwa biyar, a bar shi minti biyu kafin a ba yaro, cikin yana ƙuna. Buga takarda ₦2,500. Kilo na biyu na mozarela ya iso, ya hau ₦16,000.

Asabar, 1 ga Maris, 1 ga Ramadan

Jiya da dare aka sanar da ganin wata daga fadar Sarkin Musulmi. Allah ya karɓi ibada. Roba shida ta ɗanye ta fita, biyu Samaru, ɗaya GRA, sauran nan kusa. Soyayye guda ashirin, na sa a mai ƙarfe shida da kwata, yara suka karɓa suka ruga, aka kira salla bakwai saura ashirin. Aiki da azumi a baki yana da wata wahala da ban lissafa ba: babu ɗanɗana gishiri yadda aka saba. Na rubuta awon a jikin bango, ƙaramin cokali ɗaya da rabi a kowane kilo.

Juma'a, 7 ga Maris

Mako ya ba da roba talatin da ɗaya ta ɗanye da soyayye wajen ɗari. Bayan cire komai, har da kuɗin acaɓa zuwa Hanwa da robar mai firiza, abin da ya rage bai kai ₦45,000 ba. In aka cire asarar wuta da man da ya ɓaci da ma'auni, yanzu ne na ɗan ɗago kai.

Ƙorafi ɗaya ya zo. Wata Hajiya ta ce duk nata sun fashe. Da na bi a hankali, 'yar aikinta ta fitar da su tun azahar ta ajiye a kan tebur, sannan ta juye goman a ƙaramin kasko. Na aika mata wata roba kyauta, na ɗauki ɗan bidiyon suya na minti ɗaya da zan riƙa tura wa duk wadda ta saya karon farko. Takarda ba kowa ke karantawa ba.

Abin da ban zata ba shi ne mata biyu sun tambayi ko ina sayar da albasar ita kaɗai, ɗaya don ƙwai da burodin sahur, ɗaya don ta zuba a kan gasasshiyar kaza. Na lissafa: kilo ɗaya ɗanye ₦1,200, da mai da bota da gas ya kusa ₦2,000, ya ba ni giram 240. Ƙaramar kwalba mai giram 120 a ₦2,000 za ta fita, kuma babu ruwanta da motar Kaduna. Sai dai ba ta wuce kwana huɗu ko biyar a firij, dole in rubuta hakan a jikin kwalbar.

Mako mai zuwa zan je Ɗan Magaji in taya rabin buhun albasa tun tana araha, in nemi kwalabe a Sabon Gari, in kuma sa maƙeri ya yi min kasko mai faɗi da kaurin gindi wanda zai ci kilo 5 a zama ɗaya. Akwai mai son guda 150 soyayye ranar yawon salla. Ban amsa ba tukuna, sai in ta yarda in tura ƙanwata da risho da kasko a soya a can gidanta.